Tsatsa a Ƙarƙashin Fiffike

Tun assalatu Lirwanu ke rigingine
ƙarƙashin fiffike, tocila a haƙora,
a filin jirgin Katsina.

Inda bututun mai ya sadu da ɗan'uwansa
ga farin gari a wuyan ƙarfe,
kamar kanwa a bakin tulu.
Ya sa farce. Ya marmashe.

Damina ta kwana nan ba sallama.

Hantsi ya dubi ludayi, fasinjoji na jira.
Wata ta ja tsaki: "Don 'yar tsatsa?"

Shi dai ya kwance, ya sa sabo,
ya ɗaure, ya auna,
ya sake aunawa,
hannunsa na warin mai
ya rattaba sunansa a littafi,
sunan da ba mai tambaya
in dai an sauka lafiya.