Minti Uku

Babana, Cyprien Baudoin,
a New Orleans ya tashi, bayan kasuwar kifi,
inda ake kiɗa har asuba ba mai duba agogo.
Kiɗa in ya yi masa daɗi
sai ya ja shi kamar zare a mazari,
har mai shara ya zo ya tarar da shi a kan fiyano.

Shekarar da ya cika talatin da ɗaya
masu faifai suka aiko da tikitin jirgi zuwa Indiyana.
Ɗakin katako ne a bakin dogo,
zafi kamar gidan burodi
don kada kaki ya daskare, allura ta ƙi ci.
Suka ce, minti uku, kar ka wuce,
jar fitila na kamawa ka tattara.
Ya ce, a minti uku ko gaisuwa ban gama ba.

Sai kuma ƙafarsa.
Babana da diddige yake ƙirga kiɗa,
yana dukan daɓe, allura na tsalle.
Suka tuɓe masa takalmi,
suka cusa matashi ƙarƙashin sawunsa.
Ɗauka ta fari jirgin kwal ya wuce.
Ta biyu jirgin ya dawo.
Ta uku ya manta fitila, ya bi hannunsa.
Ta huɗu ce ta zauna,
ita ce kuma wadda ba ya so.

Dala ashirin da biyar kowane gefe.
Ya sa hannu a takarda bai karanta ba,
ya ci abincinsa a tsaye a bayan gini,
don garin ba ya zaunar da irinsa a teburi.
Da faifan ya fito, an rubuta Baldwin.
Inna ta ce ya koma a gyara.
Ya ce, Eulalie, kunne ba ya karatu.

A Shikago lantarki ya zo.
Aka ture ƙahon nan na gwangwani,
aka kafa makirufo kamar kan muciya.
Mutum bakwai ya tara, ya rubuta wa kowa rabonsa,
ya yi faɗa da mai ƙaho kan numfashi guda.
Da aka juya masa ya ji,
ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu,
ya ce, ashe kana nan duk shekarun nan.
Gefe goma sha takwas cikin damina biyu.
Ya sayi mota, ya sa haƙorin zinare,
ni kuma jan takalmi mai maɓalli.

Sannan kasuwa ta faɗi.
Rediyo na ba da kiɗa kyauta,
wa zai sayi abin da iska ke rabawa?
Kamfani ya rufe, aka auna faifan ƙarfe a sikeli
aka sayar wa masu narka.
Haƙorin ya bi motar.
Ya koma gyaran fiyanon coci-coci a St. Louis,
yana ɗaure wa wasu tsirkiya.
Wata rana a shagon aski ya ji kiɗansa
a bakin manyan makaɗa ashirin, da sunan wani.
Ya bari aka gama askin, ya biya, ya fito.

Guda ɗaya ya rage mini,
na Indiyana, mai tsaga a baki.
Nakan sa shi in yara sun yi barci.
Garmaho na shashsheka kamar ruwa a kan kwano,
fiyano na zuwa daga nesa, siriri.
Amma wajen minti na biyu,
in na kara kunne na riƙe numfashi,
akwai wani bugu can ƙasa, dum, dum.
Matashin ya zame.
Ba wanda ya lura a ɗakin,
shi kuma bai faɗa musu ba.