Shekara Goma Sha Tara a Gulistan

Babana Tofazzal ɗan sandan hanya ne.
Shekara goma sha tara yana tsaye a Gulistan,
inda tituna ke karo da juna kamar raguna,
usur a baki, laima a hammata,
yana ɗaga wa Dhaka hannu, Dhaka tana danna masa ham.

Ham na bas mai tsatsa, ham na babur,
ƙararrawar kekunan haya kamar 'yan tsakin da uwa ta ɓace musu,
kwandasta yana marin cikin mota da tafin hannu,
yana ƙwala sunan unguwa: Mirpur! Mirpur!
A sama lasifikar mai maganin basir,
a ƙasa injin fasa bulo, tun asubar fari.
A garin nan in ba ka yi ƙara ba,
ba a san kana da rai ba.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya, ko sallama babu.
Mun dai ga yana juyo mana da na dama
kamar mai miƙa kofin da ya rage bai fashe ba.
Rediyo ya ƙara murya. Shi ma ya ƙara.
In ya ce a miƙo gishiri
sai maƙwabta su leƙo, sun ɗauka faɗa ake.
Innata Anowara, da raɗa take tashinsa sahur a da,
yanzu sai ta jijjiga masa kafaɗa,
kuma akwai maganganun da ba a faɗa da ihu.
Waɗannan ta daina faɗarsu.

Likita ya kaɗa masa wani ƙarfe a bayan kunne,
ya rubuta a takarda: a guji hayaniya.
Baba ya yi dariya har da hawaye.
Ya ce, an hana kifi jiƙa.

Ranar da na karanta waƙata a makaranta
ya zauna layin gaba, kaki ya sha guga,
ya kafe leɓɓana da ido.
Sai da kowa ya fara tafi sannan ya bi sahu.
A hanya ya ce, "Shefali, kin yi kyau."
Bai ce waƙar ta yi daɗi ba.
Babana ba ya ƙarya.

Da ya yi ritaya muka kai shi ƙauyensu, can Barisal,
kwana guda a jirgin ruwa.
Dare a can na kwaɗi ne da yayyafi kan ganyen ayaba.
Na rubuta masa a bayan ambulan: Baba, ka ji shiru?
Ya karanta, ya daɗe yana kallon kogi.
"Akwai wata bas a cikin kaina," in ji shi,
"shekara uku ina tsayar da ita.
Ta ƙi."

Cikin barci hannunsa yakan tashi sama,
yatsu biyar a ware.
Inna ta kama, ta mayar ƙarƙashin mayafi.

Jiya na dawo Dhaka.
Cunkoso ya riƙe mu, ba gaba ba baya,
direba, yaro ne ɗanye, ya kwanta a kan ham.
Na ce, bawan Allah, sassauta.
Na sake faɗa.
Sai da na taɓa kafaɗarsa ya waigo,
ya juyo min da kunnen dama.