Gosulo a Gada ta Uku

Tun hantsi muke kan gada, ga la'asar tana leƙe,
kwandon tumatir bisa cinyata,
danfo ta yi cik, sai tarin inji.

Motar gefe ta ɗan gusa gaba,
cikina ya ce baya muke yi.
Na dubi ƙarfen gada, yana nan inda na bar shi.
To wa ya motsa? Mu, ko su, ko idona?

Namadi, mai gyaran agogo a Obalende,
ya ce: "Kafin mu kai ƙarshen gadar nan
sai mun ci rabinta.
Kafin rabin, rabin rabi.
Yi ta yankawa kamar tsire a hannun marowaci,
yanka ba ya ƙarewa.
Ashe ba wanda ya taɓa isa ko'ina."
Na ce: "Jiya fa mun isa."
Ya ce: "Haka dai ka gani."

Baba Rasaki ya shafa sitiyari.
Shekara goma sha tara yana jan motar nan.
Inji na uku ne, ƙofar ta wata ce da ta ƙone a Oshodi,
kujeru kafinta ya sake su da katako,
fenti rawaya bisa rawaya bisa rawaya.
Ko lambar an canja.
Amma ya rantse ita ce, don ta san muryarsa.

Ƙasa da mu, ruwa.
Masunci na tsaye cikin kwalekwale, bai tuƙa ba,
ga shi har ya wuce ginshiƙi huɗu.
Ruwan da ya ɗauke shi da safe yana teku yanzu,
sunan tafkin ne kaɗai ya kwana a wurinsa.

Na zo Ikko da niyyar wata uku.
Saurayin da ya sauka a Agege da jakar leda,
ban san inda na ajiye shi ba.
Haƙoransa biyu sun zube,
gashinsa ya yi fari a kaina,
bashinsa kuwa ni ake bi.

Na cusa hannu cikin kwando.
Wanda na saya a Ketu da tauri kamar goro
ya yi laushi, har ya fara hawaye.
Ko taku ɗaya bai yi ba,
amma ya yi tafiyar da ba a dawowa.

Can kwandasta ya daki jikin mota,
hayaƙi ya tashi, muka ja taku uku, muka tsaya.
Namadi ya duba agogon hannunsa,
wanda ya mutu tun bara,
ya ce: "Ka gani ko? Saura rabi."