Taku Huɗu Daga Layi

Ƙarfe biyun dare a Yelwan Yawuri.
'Yan kallo sun watse, sun bar ɓawon gyaɗa da ragowar gardama.
Ni kaɗai a gidan kallon Arzika,
aikina in kashe janareto, in ja ƙyaure.
Ban kashe ba.
Da sauran mai kamar rabin kwalba,
ga akwatin ya kamo wata ƙwallo daga Amurka,
mai siffar gwanda, ba ta san gangara ba,
ƙarti cikin kwalkwali suna karo kamar raguna.

Daren farko dariya na sha.
Dare na huɗu na daina bin ƙwallon da ido.

Huɗun gaba sun duƙa, hannu a ƙasa, goshi da goshi.
Can nesa masu sauri suna gadin sama.
A tsakani sai mutum uku, gwiwa a lanƙwashe,
taku huɗu daga layi, wani sa'in biyar.
Su na zuba wa ido.

Na tsakiya shi ne bakin.
Yana nuni, yana tsawa,
ya dafa ƙugun na gabansa: gusa hagu kaɗan.
Kafin a taɓa ƙwallo ya gama karanta ƙafafun abokan karawa.
Ɗayan yana gefen da suka tara nauyi,
inda suka ƙara ƙato guda a ƙarshen layi.
Rabonsa karo ne: ya sha, ya cije, ya toshe kwana,
wani ya zo daga baya ya kwashe tafi.
Na ukun yana gefen da ba cunkoso,
bai kai su jiki ba, ya fi su ƙafa,
shi ake saki ya bi ta ɓaraka.

Sai na tuno Baba Nomau ranar su,
tafki ya ja baya, ruwa iya ƙirjina,
masu kora na gaba suna dukan ruwa,
shi yana baya da homa biyu, shiru kamar turmi.
"Kak ka bi kihi," in ji shi, "kihi ya hi ka sauri.
Dubi inda ruwa ka lanƙwasa,
nan shi ka biyowa. Tsaya nan."
Na hango bayan wani giwan ruwa,
na bi,
na bar gurbina a wangale,
karfasa suka yi ta wucewa kamar an buɗe musu ƙofar gari.
Giwan ma ban taɓa ko jelarsa ba.
Baba bai zage ni ba.
Ya dubi gurbin, ya dube ni.
Da ma zagin ya yi.

Jiya na ga an yi wa na tsakiya irin haka.
Aka nuna masa ƙwallo a cikin mai gudu, ashe hannu wayam,
ya yi taku biyu gaba,
biyu kacal,
ƙwallon ta bi ta saman kansa
ta sauka daidai inda ya baro.
Ya tsaya riƙe da ƙugu.
Na san wannan tsayuwar, na yi ta cikin ruwa.

Asabar muna da wasa da 'yan Ngaski.
Ni ke lamba shida, tun ina sa takalmin aro.
Ba a taɓa ɗaga ni a kafaɗa ba,
yara ba sa rubuta sunana a bayan riga.
Koci Barmo kan ce, ranar da aka ji sunana a bakin 'yan kallo
to ƙofa na bari a buɗe.

Janareto ya yi tari sau biyu, ya mutu.
Gobe Arzika zai tsoma kara a tanki, ya cire a kuɗina.
Cikin duhu na miƙe tsakanin bencina,
na lanƙwasa gwiwa,
na ƙirga taku huɗu daga bango,
na tsaya.