Tarin Mai Ƙafa Huɗu

Daga Dakace zuwa bakin Galma
tafiyar shan kofin shayi ce a da.
Yanzu da mun kai gangaren rake
sai ya kama tari kamar tsoho da asuba,
fat, fat-fat, shiru, fat.
In danna totur ya yi mini kunnen ƙashi,
ga kwando shida na tumatir a baya
suna nuna, suna wuce nuna.

In ya huta kaɗan sai ya tashi garau.
Wannan ne ya fi ci mini rai,
ciwon da ke warkewa in likita ya iso.

Na kwance fulogi, bakinsa fari fat
kamar leɓen mai azumi.
Na goge, na hura, na mayar.
Na je Kwangila na sayo sabo,
kuɗin cefanen kwana biyu.
Ya kai ni gangaren rake, ya tsaya.

Na zaro soson iska,
ƙaiƙayin shinkafar bara ya zubo a tafina.
Na wanke, na shanya bisa darni,
Kande tana cewa ko jariri bai samu wannan gata ba.
Gangaren rake. Fat-fat. Shiru.

To, laifi tudu ne.
Na taka nawa, na hango na Tanimu
mai jarkoki a bakin gada.
Na ce kananzir yake zuba wa fetur,
na faɗa a majalisa, bayan la'asar, gaban kowa.
Bai ce uffan ba, ya ɗauki buzunsa.
Kwana tara ba mu gaisa ba.

Barau bakanike ya zo daga Tudun Wada
da sifana biyu a aljihu, goro a kunci.
Ya cire hular fulogi, ya ce tayar.
Wuta ta yi tsalle, shuɗiya shar.
"Wuta ba ta ci bashin kowa ba," in ji shi.
Ya tsiyayo man kafireta a murfin kwalba,
ya ɗaga wa rana, ya shinshina.
Ba ruwa, ba datti, ba kananzir.
Na kau da kai ina duban kaji.

"Hau mu je inda yake mutuwa."

Muka je, ya mutu.
Barau bai taɓa ƙarfe ba.
Ya kara kunne a jikin tanki
kamar ungozoma,
sannan ya murɗe murfi a hankali.
Fuuus.
Tanki ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

"Ka taɓa ganin mai shayi
ya huda gwangwanin madara wuri ɗaya?
Huda biyu yake yi.
In iska ba ta shiga, mai ba ya sauka."

Wani ɗan tiyo a kan murfin,
bai kai kaurin karan sigari ba.
Ya tura masa tsinken tsintsiya,
sai ga busasshiyar laka,
sai ga wata tsutsa kore a naɗe.
Zanzaro ne. Ya yi gini da damina
lokacin da injin ke kwance a rumfa,
ya ajiye wa 'ya'yansa guzuri,
ya toshe ƙofa, ya yi gaba abinsa.

Barau ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
Ladansa rabin kwando, ya zaɓi masu tauri.

Yau injin na tafiya sumul,
ya haye gangaren rake ko waiwaye babu.
Na ɗauro jarka wayam, na nufi gada.
Ga Tanimu can, yana wanke mazurari,
ya gan ni, bai ɗago ba.
Na kashe inji. Na buɗe baki.
Fat.
Fat-fat.