Ɗakin Wasiƙu

Shekara goma sha tara ke nan ina farke ambulan
a ɗaki marar taga,
a kurkukun da ke bayan gonakin masara na Nebraska.
Sunana Loretta, amma mazan ciki ba su san shi ba.
Hatimina suka sani, da jan tawadarsa.

Dokar na manne a bango, gefenta har ya naɗe:
ba tsiraici, ba abin da aka yi don tayar da sha'awa.
Layi biyu kacal.
Alƙalai sun yi ta kai-komo a kansu,
suka ce wanda aka kulle bai rasa haƙƙin karatu ba,
amma mai riƙe da makulli, in ya kawo dalili, a saurare shi.
Suka tattara takardunsu suka tafi,
suka bar mini awon.
An ce ido ba mudu ba, ya san ƙima.
Nawa idon an ɗauke shi haya ne ya zama mudu.

Ban raina dalilin ba.
Na ga shafin mujalla ɗaya ya sayi ƙullin taliya ashirin,
cinikin ya zama bashi,
bashin ya karya wa wani yaro muƙamuƙi.
Na ga Brandi, sabuwar ma'aikaciya, 'yar shekara ashirin da uku,
tana wanke hannu har ya yi ja
saboda abin da aka liƙa a ƙofa don ta gani.

Na kuma taɓa mayar da hoton mutum-mutumin dutse
da ya girmi ƙasar nan,
don wanda ya sassaƙa shi bai sassaƙa masa wando ba.
Ranar na yi dariya ni kaɗai.

Yau babu dariya.
Wasiƙa daga Omaha, rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa,
zuwa ga Wendell Sorrick, mai sauran shekara shida.
Hoto ɗaya a tsakiya.
Matarsa Corinne ce a gaban madubin banɗaki, ba riga,
kai ba gashi.
A hagu, inda mama yake a da,
tabo ya ratsa da sawun ɗinki, kamar layin dogo a taswira.
Na dama yana nan yadda Allah ya yi shi.
Shi doka ta gani.

Ta rubuta: "Likita ya ce sun kwashe duka.
Ba na so ka fara gani ranar da ka fito,
in tsaya ina kallon fuskarka tana koyo.
Ka duba yanzu, ka saba.
Ka gaya mini ko har yanzu ni ce."

Na ɗora babban yatsana a dama, hoton ya halatta.
Na ɗaga, ya haramta.
Duk shari'ar faɗin yatsa ce.

Na kai wa Mista Dvorak.
Ya duba, ya cire tabarau, ya murza ido.
"In kin buɗe wa tabo yau,
gobe kowane hoto zai zo da labarinsa.
Cike takarda."

Na cike. Akwati na uku, tsiraici.
Wasiƙar za ta shiga ita kaɗai.
Zai karanta "ka duba," ya zazzage ambulan,
'yar takardata ta faɗo masa a cinya:
yana da kwana goma sha biyar ya ɗaukaka ƙara
a kan abin da bai gani ba.

A waje ƙanƙara ta rufe motoci.
Na kifa hoton, na sa shi a ambulan ɗin komawa.
Ba a ba ni izinin ƙara kalma ba.
Na ɗauki fensir, ban sa hannu ba,
na rubuta a bayansa, ƙanana kamar nata:
"Rataya tawul a kafaɗar dama.
Sake aikowa.
Ina nan ranar Litinin."