Allura Mai Raɗa

Faya-fayen Baba ɗari biyu ne da sha bakwai,
na ƙirga su ran sadakar arba'in,
a kwalin madara, ƙarƙashin gadon ƙarfe,
suna warin kafur da sanyin Gangare.

Allurarsa ta daƙushe kamar haƙorin tsohuwar akuya.
Na zuba adashi wata biyar,
Tanimu ya aiko da sabuwa daga Ikko
a ɗan akwatin da bai fi na ashana ba.
Na ɗaura ta, na sauke a kan faifai,
sai raɗa.
Kamar ana biki a Bukuru
ni kuwa ina tsaye a Naraguta.

Na murɗa ƙara har ƙurya.
Lasifika ta hau huci, shuuu,
ruwan Agusta a kan rufin kwano,
mai goge na can ƙasa yana nutsewa.
Na ce shi ke nan, an yi min sakiyar da ba ruwa.

Baba Davou, mai gyaran rediyo a Dilimi,
tabarau ɗaure da zare, ƙarfen dalma a hannu,
ya juya akwatin, ya bi ƙananan lambobi da farce,
ya yi dariyar da ta ƙare da tari.

"Ba a cuce ki ba, 'yar Malam Inuwa.
Tsohuwar taku maganaɗisu take kaɗawa,
biyar take bayarwa.
Wannan kuwa naɗin waya ne, bai kai gashin jariri ba,
kwata take bayarwa. Kwata!
Ina biyar, ina kwata?
Na'urarki ta saba ninka murya sau ɗari,
wannan sai dubu, ko ma da ɗoriya."

Na ce to a ninka mana.

"Sauri ya haifi nawa.
In kin ƙara daga ƙarshe, har da tsakuwa za ki ƙara.
A bakin ƙofa ake tarbar baƙo.
Na yi wankin kuza kafin in san waya:
ruwa ya yi kaɗan, laka ta rufe ta,
ruwa ya yi yawa, ya tafi da ita.
Ki wuce kima, ganga ta fashe,
muryar mace ta koma ta gwangwani."

Ya laluba ƙasan benci ya fito da taransifoma biyu,
kowace kamar gwangwanin tumatir ta sha tsatsa.
Ɗaya bisa goma, in ji shi, ba sa cin wuta,
ba sa sa baki, abin da aka ba su shi suke ɗagawa.
Ya haɗa min da baƙar waya guntuwa:
"Wannan ta ƙasa ce. Ki manta da ita,
ƙudan zuma su tare a ɗakinki."

Dubu tara ya ce. Na ba shi bakwai da alkawari.

An kawo wuta wajen sha ɗaya na dare.
Na ja bargo, na sauke allura.
Kafin waƙa ta fara, na ji mawaƙiya ta ja numfashi,
na ji yatsa ya zame a kan tsirkiya,
wani daga baya ya gyara kujera.
Shekara hamsin suna cikin wannan tsagi
ba wanda ya ji su.

Baba ma haka yake magana, ƙasa-ƙasa,
sai Inna ta ɗaga mana: "Babanku ya ce..."
ta haɗa da nata hucin.
Mun ɗauka ba shi da abin faɗi.

Faifai ya ƙare, allura na zagaya tsakiya,
ƙat, ƙat, ƙat.
Ban tashi na ɗage ta ba.